Hiace, Sprinter ko Boxer? Tambayoyi da amsoshi ga mai son sa kuɗinsa a motar haya a Tawa

Wanda ya tara ɗan abin hannu, ko a ci-rani ko a cinikin albasa, ya ce zai sayi bas ya sa a hanya, tambayoyinsa ba sa wuce waɗannan. An tattara su nan da amsoshin da suka dace da mai zama Tawa da kewayenta, don motar da ta yi suna a titunan Jamus ba lallai ba ne ta kai Abalak lafiya.

Wace mota ce ta fi ƙarko a cikinsu?

Toyota Hiace, in dai amsa guda ake so. Amma ba don ba ta lalacewa ba. Ƙarkon motar haya abu biyu ne a haɗe: sau nawa take kwanciya, kuma in ta kwanta kwana nawa take yi kafin ta tashi. A na biyun nan ne Hiace ta yi wa sauran nisa. Da wuya ka shiga garaji a Tawa, Konni ko Madawa ka tarar da makaniken da bai taɓa buɗe injinta ba, kuma kayan gyaranta, sabo da na okaziyo, suna nan a kusa.

Toyota ta fara ƙera ta a 1967. Waɗanda suka cika tashoshinmu galibi iri biyu ne: ƙirar 1989 zuwa 2004, da wadda ta biyo bayanta daga 2004, wadda ƴan Najeriya ke kira Hummer. Akwai kuma ta Turai mai ɗan guntun hanci a gaba. Tsofaffin injinan gazuwal ɗinta, 2L, 3L da 5L, ba su da gudu, a hawa ma sai a hankali, amma ba su da laulayi. Tayoyin baya ne ke tura motar, kuma a yawancinsu lam ke ɗauke da bayanta, abin da mai lodi ke so ke nan.

Rauninta ɗaya da kowane tsohon direba ya sani: zafi. In allurar zafi ta hau, direba ya ce bari in ƙarasa Badagishiri tukuna, to kulas, wato kan injin, na iya tsagewa, kuma wannan gyara ne mai cin ribar wata guda ko fiye.

To Sprinter fa? Ai ta fi ɗaukar mutane da kaya.

Ta fi, babu musu. Doguwar Sprinter mai dogon rufi, mutum na tsayawa a cikinta, kuma a kan kwalta ta fi Hiace zama daram da gudu. Ga mai yin Tawa zuwa Yamai ko Tawa zuwa Maradi, kujerun da ta ƙara kuɗi ne a kowane zuwa.

Sai dai Sprinter ba iri ɗaya ba ce, kuma nan ne masu saye ke ruɗewa. Mercedes ta fito da ita a 1995, ta maye gurbin tsofaffin 207D da ƴan uwanta masu kusurwa, waɗanda har yau wasunsu na ɗaukar ƴan kasuwar ƙauye. Na farko-farkon, irin su 308D da 312D, injinsu mai sauƙin kai ne. Daga 2000 aka koma CDI, wato 311, 313 da 316. Lambar farko nauyin motar take nunawa, biyun ƙarshe kuma ƙarfin injin: 313 tana ajin tan uku da rabi, da ƙarfin doki wajen 130.

Injin CDI yana da ƙarfi, ba ya shan mai sosai, kuma sarƙa gare shi ba kuruwar roba ba, yakan daɗe ƙwarai. Amma yana feshin gazuwal da matsin da ya haura bar 1,300, ta ramukan da ido ba ya gani da kyau. Ɗan ruwa ko ƙasa a cikin mai ya isa ya kashe anjekta. Kwamfuta ce ke tafiyar da shi, saboda haka in fitila ta kama a gaban direba, mota ta ƙi wuce wani gudu, kunne da gogewar makanike ba su isa ba, sai an jona na'urar bincike. Yamai akwai masu ita da yawa. Kafin ka sayi Sprinter CDI, ka fara sanin wa zai duba maka ita a inda kake, ka je garajinsa ka ga na'urar da idonka, ka kuma ga Sprinter nawa ke ajiye a wurin da kuma ko ƙura ta rufe su.

A ganina, mai bin kwalta kullum, mai makanike tsayayye, Sprinter za ta iya kawo masa fiye da Hiace. Mai bin kasuwannin ƙauye ta Keita, Buza ko Cintabaraden, ya bar ta.

Isansi ko gazuwal, wanne ya fi sauƙi?

Wannan ita ce tambayar da aka fi amsawa da lissafin wata ƙasa. A Faransa gazuwal ya daɗe yana ƙasa da isansi a farashi, shi ya sa kusan duk bas da ke fitowa daga can ta gazuwal ce. A Nijar abin a juye yake. A farashin da gwamnati ta tsayar a Yulin 2024, litar isansi sefa 499 ce, ta gazuwal kuma 618.

Mu yi misali. Daga Tawa zuwa Yamai, ta Tsarnawa, Konni, Dogon Dutsi da Doso, kilomita 550 ne ko kusa da haka. A ce Hiace ta gazuwal da lodinta tana shan lita 11 a kilomita ɗari. Za ta sha wajen lita 60, kuɗinsu jika 37. A ce ta isansi mai injin 2TR tana shan lita 14. Za ta sha lita 77, kuɗinsu jika 38 da ɗoriya. Ka ga bambancin bai kai kuɗin kujera ɗaya ba. Taka motar za ta iya shan fiye ko ƙasa da haka, amma ka sa naka adadin a wannan lissafi, za ka ga tazarar ba ta kai yadda ake faɗa a bakin tasha ba.

Sai a dubi gyara. Injin isansi na 2TR sarƙa gare shi, ba shi da turbo, ba shi da famfon gazuwal mai ɗan karen tsada, bujinsa kuwa araha ne. Gazuwal ya fi jan nauyi a hawa, kuma tanki ɗaya ya fi kai ka nesa, abin da ke da amfani a hanyar Agadas inda gidajen mai ke da tazara. Akwai kuma abin da ya faru a Maris na 2025, lokacin da isansi ya yi ƙaranci a ƙasar, aka yi ta layi a gidajen mai. Matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, ta fi wadata ƙasa da gazuwal fiye da isansi. Mai motoci biyu, da zai raba ƙafa, ɗaya isansi ɗaya gazuwal, ba zai yi nadama ba.

Na ga Boxer da Jumper da Master sun fi araha a wurin ƴan okaziyo. Me ya sa?

Don masu saye ba su rububinsu, kuma da dalili. Peugeot Boxer, Citroën Jumper da Fiat Ducato mota ɗaya ce da suna uku, galibi a masana'anta ɗaya ake haɗa su a Italiya. Tayoyin gaba ne ke jansu, haka ma galibin Renault Master. Wannan ya sa cikinsu ya yi ƙasa, ya yi faɗi, lodin kwali da buhu ya yi sauƙi. Ga mai rarraba burodi, ruwan leda, magani ko kayan shago a cikin gari, mota ce mai kyau, kuma ba ta shan mai.

Matsalar tana fitowa ne in an danne bayanta da kaya aka shiga yashi ko gargada. Nauyi ya koma baya, tayoyin da ke jan motar sun yi sakayau, sai ta yi ta haƙa. Robar kardan kuma in ta yage, yashi ya shiga cikin giris, kwana kaɗan za ka fara jin ƙas-ƙas-ƙas duk lokacin da aka karya kwana. Kayan gyaransu ana samu a Yamai, a Tawa kuwa sau da yawa sai an aiko.

Ford Transit da Iveco Daily fa?

Transit mota ce mai daɗin tuƙi, amma masu gyaranta ba su da yawa a nan. A kiyayi mai injin 2.0 EcoBlue da ya fito daga 2016: kuruwarsa a cikin baƙin mai take gudu, in an sa man da bai dace ba ko an makara wurin bidanj, takan fara marmashewa ta toshe hanyar mai. Iveco Daily kuwa shasi gare ta irin na kamiyo, wasu da tayoyi huɗu a baya. Ga siminti, albasa ko dabbobi ta fi duk waɗanda aka ambata juriya, sai dai fasinja zai ji jiki.

Na Sin masu kama da Hiace, za a iya dogara da su?

Jinbei, King Long, Foton da ƴan uwansu. Jinbei ma da izinin Toyota ta fara ƙera tata tun farkon shekarun 1990. Amfaninsu shi ne da kuɗin tsohuwar Hiace za ka iya samun wadda ba ta tsufa ba. Injinan ba su cika ba da matsala da wuri ba. Abin da ke fara gajiya shi ne ƙananan abubuwa: ƙofar zamiya, hannun ƙofa, wayoyin lantarki, robobi, kujeru. Kada kuma ka ɗauka duk kayan Toyota za su shiga don kawai fuska ɗaya ce. Wasu na shiga, wasu sai an yi musu dabara. Ranar sayarwa ce za ka fi jin bambancin.

Nissan Urvan, tunda ana yawan haɗa ta da su a tambaya, ba ajinsu ɗaya ba. Ta Japan ce, kuma tsohuwar mai injin TD27 ba ta da abin kushewa in ban da cewa kayanta ba su kai na Hiace yawa ba.

Ba gara in sayi sabuwar ƙira ba, tunda ba ta tsufa ba?

Ƙarancin shekaru abu ne mai kyau ga jiki, birki da kujeru. Ga injin gazuwal na Turai kuwa, kowace sabuwar ƙira na zuwa da ƙarin kayan tace hayaƙi da aka yi don dokokin can. Akwai matatar toka a cikin bututun hayaƙi, wadda ke buƙatar gazuwal mai tsabta da doguwar tafiya kafin ta ƙone abin da ta tara. Motar da ke yini tana tsaye-tsaye a cikin gari takan toshe ta. Na ƙa'idar Euro 6, daga wajen 2016, galibi suna da wani tanki daban na ruwan AdBlue. In ya ƙare, motar takan yi gargaɗi, daga nan ta ƙi tashi, ko da injin lafiyarsa lau.

Masu gyara kan cire waɗannan kaya su sake tsara kwamfutar. In wanda ya iya ne ya yi, motar na tafiya. In ɗan koyo ne, ka sayi fitilar da ba ta mutuwa.

A ina kuɗin mota ke tafiya a zahiri?

Mai shi ne babba, kuma shi kowa ke lissafawa. Bayansa akwai taya, bidanj da filta, birki, ambireyaj, lam da amortisa. Sai takardu: kartagiris, asirans, binyet, bizit teknik, patanti, ga peyaj a hanya, ga na tasha da na kamasho, ga abin da ake bari a shingaye wanda ba ya da rasit. Sai haƙƙin direba da yaron mota.

Abu biyu ne ba sa shiga littafin yawancin masu mota, kuma su ne ke cinye uwar kuɗi.

Na farko kwanakin da mota ke kwance. A ce, misali, motarka na bar maka jika 20 a rana bayan an cire komai. Wani ƙarfe ya lalace wanda kuɗinsa jika 60 ne, amma babu shi a Tawa, babu shi a Yamai, sai an yi waya Kano ko Lome. Kwana goma mota na garaji. Gyaran nan ba jika 60 ya ci ba, jika 260 ya ci, ban da fasinjojin da suka saba da wata motar, da direban da iyalinsa ba su daina cin abinci ba. In kuma abin ya faɗo a makon Babbar Salla ko lokacin da ƴan ci-rani ke dawowa gida gab da damina, asarar ta ninka. Saboda haka in kana kwatanta motoci biyu, kada ka tsaya kan nawa ne kuɗin anjekta. Ka tambaya a ina take, kuma yaushe za ta iso.

Na biyu tsufan motar kanta. Duk kilomitar da ta yi, wani abu ya ragu a farashinta, kuma wata rana inji zai nemi a sauke shi. Mai motar da ke cinye duk abin da direba ya kawo da yamma yana zaton riba yake ci, alhali ƙarfen motar yake ci a hankali. Ware wani kaso kullum, ko a asusu ko a adashi, ka manta da shi.

Littafin mota ya ce a yi bidanj bayan kilomita 20,000 ko fiye. In bi shi?

A'a. An rubuta wannan ne don ƙasar da ba ta san hunturu mai ƙura ba, ba ta kuma san zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 ba. Su kansu masu ƙera motoci suna da jadawali na biyu na aiki mai tsanani, wanda ke rage tazarar sosai, kuma aikin haya a Adar can ya faɗa. Tsohon injin gazuwal, kilomita 5,000 ita ce tazarar da ta dace. A sa baƙin mai na gwangwani a rufe, ba na awo a kwalba ba.

Filtar iska a riƙa duba ta duk mako lokacin ƙura. A yawancin Hiace injin na ƙarƙashin kujerar gaba, ba ya samun iska kamar mai hanci, saboda haka radiyata mai tsabta ba abin wasa ba ce. Ruwan rijiya mai gishiri na barin farin dutse a cikinta, yau kaɗan gobe kaɗan, har ranar da za ta tafasa a tsakiyar hanya. Da yawa kuma kan cire tarmosta da sunan maganin zafi. Wannan ɓoye ciwon ne kawai.

Injinan gazuwal na Hiace, L da 2KD, kuruwa gare su. In ta tsinke mota na tafiya, pistan da bawul za su haɗu. Ranar da ka sayi motar, ka canza ta, ko mai sayarwa ya rantse maka jiya aka sa.

Man ruwa-ruwa na ɓata inji?

Tsohon injin isansi yakan haƙura da shi. CDI na Sprinter da D-4D na Toyota ba sa yafewa. Jarkar da aka zuba kananzir jiya, aka bar ta buɗe cikin ƙura, ita ce za a zuba maka gazuwal da ita yau. Da can arahar man Najeriya ce ke sa a yi kasadar, amma tun da aka cire tallafin mai a can a Mayun 2023, wannan arahar ta tafi. In dole ta sa a daji, a tace da ƙyalle mai tsabta, a kuma zubar da ruwan da ke taruwa a gindin filtar gazuwal da an iso gari.

Lodi nawa ne ya yi yawa?

Ka tsaya daga baya ka dubi lam. In sun miƙe sun zama shimfiɗe, ko sun fara lanƙwasa ƙasa, an wuce gona da iri. Ana ƙara ganyen lam don mota ta daina zama, amma wannan bai ƙara wa birki, bera ko taya ƙarfi ba. Kayan da aka tula a sama, buhunan gero da babur da akwatunan amarya, su ke sa mota rangaji, kuma in tayar baya ta fashe a guje, su ke kifar da ita. Ƴan jikkunan da lodin sama ya kawo, lissafa su da tayoyin da ke ƙarewa kafin lokacinsu, ka gani ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Batun taya: nemi mai harafin C a ƙarshen lambarta, kamar 195R15C, ita aka yi don ɗaukar nauyi. A gefenta akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zobe. 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar okaziyo mai kyan zane wadda ta shekara bakwai ko takwas, kwaltar Konni da tsakar rana ba za ta bar ta ba.

Me zan duba kafin in biya?

Ka je da sassafe ba tare da ka faɗi lokaci ba, ka ɗora hannu a kan injin. In da ɗumi, an riga an tashe shi don kada ka ga yadda yake wahalar tashi. A tashe shi a gabanka, ka koma baya ka dubi hayaƙi: shuɗi baƙin mai yake ƙonawa, fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne ke shiga. Kafin a tashe shi, buɗe murfin radiyata. In bayan ya tashi ka ga kumfa na ɓulɓulowa ba tsayawa, kulas ko juwan ɗinsa ya tafi. Juya murfin baƙin mai, in ka ga wani abu kamar kindirmo a manne, ka yi sallama.

A Sprinter CDI, a cire murfin roba da ke saman injin. In ka ga wani baƙin abu kamar kwalta ya daskare a gindin anjektoci, ko ka ji fis-fis da warin hayaƙi, zoben tagullar da ke ƙarƙashinsu ya saki. Zoben araha ne, amma ciro anjektar da ta kafe a ciki na iya zama aikin kwanaki. Shiga ƙarƙashinta kuma da tocila, don gishirin da ake zuba wa titunan Turai lokacin sanyi na cin ƙarfe daga ciki, kuma Sprinter ta farko ta yi ƙaurin suna a tsatsa.

Dubi ko an juya sitiyari daga dama zuwa hagu. Hiace da yawa sun fito daga Japan, an juya su a hanya. In aikin ya yi kyau babu laifi, amma walda a sandar sitiyari da wayoyin da aka ɗaure da salatif ba abin ɗaukar rayukan mutane ba ne. Daga ƙarshe a gwada lambar shasi da ta takardun duwan, harafi da harafi. Makaniken da za ka tafi da shi ya zama naka, kai ka biya shi, ba wanda dillali ya nuna maka ba.

Kilomitan da konta ta nuna, abin yarda ne?

A'a. Dubi robar feda, sitiyari da gefen kujerar direba.

Me ya sa farashin motocin ya hau haka?

Shekara da shekaru ta Kwatano motocin okaziyo ke shigowa, su ƙetaro ta Malanbil da Gaya. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe wannan iyaka, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya mai tsawo wadda ake bi cikin ayari da rakiyar sojoji. Kuɗin hanya ya ƙaru, jira ya ƙaru, kuma bai tsaya kan motoci ba, har da inji da bwat na okaziyo. Wannan ya ƙara wa Hiace daraja a wurin mutanen Tawa, don kayanta ana samo su ta Konni da Illelar Najeriya daga Sakkwato ko Kano, ba sai an jira jirgin ruwa ba.

Ni ba zan tuƙa da kaina ba, direba zan ba. Wannan ya canza zaɓi?

Ƙwarai. In tsarin shi ne direba ya kawo adadi tsayayye kullum, saura nasa, to duk abin da zai ƙara masa kuɗi yau zai yi: gudu, lodi, man bakin hanya, ɗaga bidanj zuwa mako mai zuwa. Ba mugunta ba ce, tsarin ne ya tura shi. Motar da ta fi haƙuri da irin wannan riƙo ita ce tsohuwar Hiace ko mai injin isansi. In Sprinter ce, ka riƙe sayen mai da bidanj a hannunka, ka zaɓi gidan mai ɗaya da garaji ɗaya, kana biya da kanka. Ka kuma tabbata lasisinsa na ajin D ne, don in wani abu ya faru a hanya, takardar nan kamfanin asirans zai fara nema.

In na gaji da harkar, wacce za ta fi saurin fita?

Hiace, ko ta tsufa. Ka kai ta bakin tasha ka ce ta sayarwa ce, kafin la'asar an fara taya ta, don ko injin ya mutu akwai mai son bwat, mai son ƙofofi, mai son gadar baya. Sprinter mai lafiya ma tana da kasuwa, musamman a Yamai, inda faba-faba, wato bas ɗin haya na cikin gari, da masu dogon zango ke neman manyan motoci. Boxer, Master da na Sin sukan daɗe a ajiye, kuma mai sayen zai zo ne da sanin cewa kai ka matsu.